Tambaya da Amsa: Me ya haɗa yis ɗin fanke da kwafin DNA?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, aji uku, bayokemistiri nake karantawa. An ba mu karatu kan yadda ƙwayar halitta ke fara kwafar DNA ɗinta, sai ga sunaye rututu, ORC, MCM, Cdc6, wallahi har kaina ciwo yake. Kuma duk misalan na yis ne, wannan dai da Umma ke zubawa a ƙullun fanke. Me ya sa sai yis? Su kuma furotin ɗin nan ya kamanninsu yake? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki raina yis ɗin Umma fa, mai rai ne, ƙwaya ɗaya tal, kuma DNA ɗinsa a naɗe yake cikin cibiyar ƙwayar kamar namu, ba irin na bakteriya ba. Kuromosom 16 gare shi, harufan DNA wajen miliyan 12, an gama karanta su tun 1996. In ya samu sukari da ɗumi, cikin kamar minti 90 ya zama biyu (ɗumin nan ne ba ya samu shi ya sa ƙullu ke yi wa mutanen Jos taurin kai a watan Disamba). Ga arha ga sauri, kuma furotin ɗin da yake aiki da su 'yan uwan namu ne na kusa, to wa zai bar shi ya je yana wahala?

Matsalar da ƙwayar ke fama da ita guda ce: kowane ɓangare na DNA a kwafe shi sau ɗaya, ba sau biyu ba, kuma kar a tsallake ko'ina. In kin riƙe wannan sunayen za su zauna da kansu.

Ki tuna tashar Bauchi Road. Lokacin lodi daban, lokacin tashi daban. A jikin DNA ɗin yis akwai wurare ɗaruruwa da ake fara kwafi daga gare su, ana ce musu ARS, su ne tashoshin. ORC shi ne ɗan kamasho, furotin shida ne a manne, Orc1 zuwa Orc6, Stephen Bell da Bruce Stillman suka gano shi a Amurka a 1992. Siffarsa kamar awarwaron da bai gama haɗewa ba, ya rungumi zaren DNA har ya ɗan lanƙwasa shi, sai Cdc6 ya zo ya toshe giɓin da ya rage. To yanzu aka shirya karɓar mota.

Motar ita ce MCM, ita ma furotin shida, Mcm2 zuwa Mcm7, a jere kamar zobe. Yaya za ki sa zobe a tsakiyar igiyar da ba ki riƙe bakinta ba? Dole zoben ya buɗe. Akwai ƙofa tsakanin Mcm2 da Mcm5, wani furotin, Cdt1, ne ke rako zoben ƙofar a buɗe, DNA ya shige, a ƙona ATP, man da ƙwaya ke aiki da shi, ƙofa ta rufe, Cdt1 ya kama gabansa. Sai a sake loda wani zoben na biyu, su zauna kai da kai, furotin 12 ke nan, kuma shiru, ba su buɗe komai ba, ba su motsa ba, mota cike amma inji a kashe. Duk wannan a zangon G1 ake yi, wato lokacin shiri kafin ƙwaya ta fara kwafi.

Da an shiga zangon S, wato lokacin kwafi, sai wasu furotin guda biyu, DDK da CDK, su fara manna wa sauran furotin fosfet, alamar a tada inji. Nan wasu furotin, Cdc45 da GINS, za su hau jikin kowane zobe ya zama CMG, furotin 11, shi ne ainihin injin da ke warware igiyar DNA gida biyu. Zobban nan biyu su rabu, kowanne ya tura zare ɗaya waje ya riƙe ɗaya, su gifta juna, ɗaya gabas ɗaya yamma, masu kwafi na biye da su. Sunan GINS ma abin dariya ne, ƙirgen Japananci ne, go, ichi, ni, san, wato 5, 1, 2, 3, saboda Sld5, Psf1, Psf2 da Psf3.

Wurin da ya fi burge ni, kuma nan malamai ke son kama ɗalibai a jarrabawa: shi CDK ɗin da ya tada mota shi ne kuma ya kulle tashar. Yana sa a lalata Cdc6, a kori MCM ɗin da ba a loda ba daga cibiya, ya kuma hana ORC aiki. Lokacin da lodi ke yiwuwa ba a tashi, lokacin da ake tashi ba lodi, to ta ina za a kwafi wuri ɗaya sau biyu?

Kamannin da na zayyana miki ba hasashe ba ne, an gan su. Ana daskarar da furotin ɗin cikin ƙanƙara siririya, a ɗauki dubban hotuna da maikiroskof mai harba ilektiron, kwamfuta ta haɗa su, dabarar da ta ci kyautar Nobel a 2017. A 2015 kuma ɗakin binciken John Diffley a Ingila ya tsame furotin 42 na yis, ya haɗa su a kwalba ba tare da ƙwaya mai rai ba, kwafi ya fara.

In wani ya ce miki wannan karatun burodi ne, ki faɗa masa ciwon Meier-Gorlin. Yaran da aka haifa da tangarɗa a ORC1, ORC4, ORC6, CDT1 ko CDC6 sukan zama gajeru sosai, kunnuwa ƙanana, wasu ma babu ƙoƙon gwiwa, sunayen nan dai da ke sa miki ciwon kai. Ki ɗauki biro ki zana zoben da ƙofarsa sau biyu-uku, ya fi hadda. A gaida Umma, a ce ta ajiye ƙullun kusa da murhu.