Akushin tsohuwa: inda jigon labarin ya ɓuya

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce an ba ku gajeren labari ku yi nazarinsa: wata tsohuwa ce a Maiurno, a ƙasar Sudan, ɗanta ya tafi Jidda neman kuɗi, shekara goma sha biyu bai leƙo gida ba, sai dai aike. Kullum da dare takan zuba masa tuwo a akushi ta rufe da faifai, gari ya waye a ba almajiri. 'Yarta da ke zaune da ita kuwa bakinta bai huta da mita. Kin rubuta cewa jigon zumunci ne, malaminku ya ce bai wadatar ba, ke kuma kin rasa abin ƙarawa.

Na daɗe ina koyar da adabi a makarantar 'yan mata a Wad Madani, har yaƙi ya tashe mu a watan Disamba na 2023 muka koma Gadarif. Amsar nan taki na sha ganinta a takardun ɗalibai, kuma malaminku yana da gaskiya. Zumunci gona ce mai faɗi, kowane marubuci da abin da ya shuka a cikinta. Tambayar da za ki yi wa labarin ita ce: me yake faɗa game da zumuncin? Sai amsarki ta zama cikakkiyar jimla kafin a kira ta jigo.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki bi abin da yake ta dawowa. A nan akushi ne. Ki ɗauki fensir ki ja layi duk inda aka ambace shi, ki duba a hannun wa yake, cike ko wayam. Wannan shi ake kira alamtarwa, wato abu ɗaya na zahiri ya ɗauko ma'anar da ta fi shi nauyi. Kuma ki tuna inda aka kafa labarin. Maiurno gari ne na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da garin Sinnar. Bayansu wasu suka riƙa zuwa a ƙafa da niyyar hajji, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira don tara guzuri, wani ya samu ya ƙetare teku ta Sawakin, wani ya tsufa yana jira. Mu dai tun asali gidajenmu akwai wanda ya wuce gaba, akwai wanda aka bari. To a ƙasar da ake cin kisra, wato wainar dawa mai falle-falle, a faranti, tsohuwa ta riƙe akushin icce irin na ƙasar Hausa, ai ba banza marubucin ya zaɓe shi ba. Da ya ce kwano kawai, da rabin ma'anar ta zube. Kakata, Allah ya jiƙanta, akwai wata ƙwarya da ba ta yarda kowa ya sha godo-godo a cikinta, sai bayan rasuwarta na ji ta ƙaninta ce da ya tafi Makka ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Inda na fi son ki sake tunani shi ne 'yar nan da kika ce ita ce muguwar tauraruwa. Haba 'yata, wa ke tuƙa tuwon? Wa ke wanke akushin da safe? A yadda kika ba da labarin, ƙafar tsohuwar ta riga ta ƙi, saboda haka hannun da ke yin hidimar na mai mitar ne. Tauraro da aikinsa ake auna shi, sannan a dubi maganarsa, kuma inda biyun suka saɓa nan ne marubuci ya ajiye miki abin nazari. Mitar tata gajiya ce ta wadda ta zauna ta yi jinya, amma sunan wanda ya tafi ake kira kowane dare. Na ga irinta da idona tun da yaƙin nan ya watsa mu, kuɗi na shigowa ta waya daga Saudiyya, ɗauke da sauke kuma yana kan mace ɗaya.

Shi ɗan kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Ki duba ko marubucin ya ba shi uzuri, na takardun zama ko na bashi.

In ni ce, zan rubuta jigon kamar haka: aike yana ciyar da gida amma ba ya cike gurbin mutum, kuma wanda ya zauna shi ke biyan kuɗin rashin wanda ya tafi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, za ki iya kafa hujja da karin maganar. Sai ki kawo wurare uku daga cikin labarin inda akushin ya fito, ki warware jigon da su. Ba ki faɗa mana ƙarshen labarin ba. Ki turo sakin layi na ƙarshe, ina so in ga a hannun wa akushin ya tsaya.