Zanen Kusko ya yi duhu, shin a goge shi da albasa?

Tambaya: Malam, an ba ni ajiyar wani zanen coci da aka ce daga Kusko ta ƙasar Peru yake, hoton mala'ika da riga mai adon zinariya, riƙe da bindiga. Ya yi duhu, fentin ya fara tsattsagewa. Wani dillali ya ce in goga masa albasa, in bi da man zaitun. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, don Allah kada ki kusance shi da albasa. Kullum sai an kawo mana zanen da wannan shawara ta kashe, kuma dillalan nan ba sa tsayawa su ga ɓarnar.

Masu zanen Kusko sun ɗauki fentin mai da fasalin hotuna daga Turai, musamman hotunan da aka buga a birnin Antwerp na Beljiyam ta yau, amma irin wannan mala'ikan da yawan zinariyar nasu ne, salon da ya bunƙasa bayan masu zane 'yan ƙasa sun ɓalle daga ƙungiyar masu zane da Sifaniyawa suka mamaye a 1688. Zinariyar a saman fenti aka ɗora ta, siririya ƙwarai, shafa ɗaya da tsumma sai furannin rigar su tafi. Jan launin kuma sau da yawa na kocinil ne, wani ƙaramin ƙwaro da ake samun jan rini daga jikinsa, shafe-shafe mara kauri wanda gugar hannu ke ɗaukewa.

Ruwan albasa yana bin tsagar fenti ya kai ga mannin fata da aka shafe yadin zanen da shi. Mannin ya kumbura, yadin ya tsuke, fenti ya ɗago ya zube. Mai ya fi muni. Ranar farko launi zai yi ƙyalli, a ce an yi nasara. Daga baya sai ya kama ƙura, ya jiƙe fentin, ya ƙara duhu, kuma cire shi aiki ne mai haɗari ko ga gwani. Duhun da kike gani galibi tsohon banish ne (shafin ƙyalli da ake yi a saman fenti) da hayaƙin kyandir, mai gyaran zane na cire su kaɗan-kaɗan bayan ya gwada a gefe.

A yanzu ki kwantar da shi fuska sama, nesa da rana da ɗanshi, ki adana duk ɓarɓashin da ya faɗi a ambulan. Ki kuma nemi takardun asalinsa, domin dokar Peru mai lamba 28296 ta 2004 ta hana fitar da irin wannan kaya daga ƙasar, kuma an sace da yawa daga coci-cocin ƙauye.