Bargon aure na haɗe-haɗen ƙyalle: amsa ga mai koyon ɗinki

Kin tambaye ni, 'yata, game da fim ɗin Amurkan nan da kika kalla, inda tsofaffi mata suka kewaye katakon da ake ɗaure bargo a kai suna ɗinka wa jikarsu bargon aure, kowacce tana ba da labarin soyayyarta. Kina so ki yi wa yayarki irinsa da tsofaffin zannuwan Inna da na Kaka, amma ɗan gwajin da kika yi ya tattare, kusurwoyin sun ƙi haɗuwa. Zaman da kika gani a fim shi ne matakin kusan ƙarshe. Inda bargo yake gyaruwa ko ya lalace tun a teburin yanka ne, kuma ba a cika nuna wannan ba.

Al'adar gaskiya ce a can. A ƙarni na 19 matan karkara a Amurka sukan taru su gama wa amarya bargo a wuni ɗaya, bayan an riga an haɗa fuskar a gida. Matan Gee's Bend, baƙar fata a jihar Alabama, sun yi suna da barguna na tsofaffin kayan aikin gona, uwa na koya wa 'ya. Ainihin dabarar kuwa kin san ta: lifidin dokin hawan sallah ma ƙyalle ne sama da ƙasa, auduga a tsakiya, ɗinki ya riƙe su. Hawa uku ke nan: fuska, auduga, shafin baya.

Fara da tantance zannuwan. Ɗaga kowanne ki duba shi a rana. Inda haske ya ratsa sosai zaren ya mutu, kada almakashi ya je wurin. Tsakiyar zane, inda ake zama a kai, shi ke fara cinyewa, gefe-gefe ya fi ƙwari. Atamfa ta auduga zalla za ki ɗauka. Leshi da yadi mai santsi ki ajiye su, domin ba sa jan jiki daidai da atamfa. Duk sabon ƙyallen da za ki haɗa da tsoho sai kin wanke shi tukuna. Tsohon ya gama tsukewa tuntuni, sabon kuwa zai tsuke a wankin farko ya ja maƙwabcinsa, kuma wannan na cikin abin da ke tattare bargo. Ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa su daban da ɗan farin ƙyalle a cikin ruwan. In farin ya rine, ki sake wanki har ruwa ya fita fes. Idan akwai wani zanen Kaka da ya yi laushi amma zuciya ba za ta bar shi ba, ki yi masa shafi marar nauyi a baya kafin ki yanka.

Kada ki fara da zanen zobba masu sarƙe da juna da aka fi yi wa amare a can. Duk lanƙwasa ne, sai hannu ya faɗa. Ki yi mai gida tara. Yanka kwali murabba'i, inci 4 da rabi kowane gefe, ki zana da alli, ki yanka bisa tsayin zaren ƙyalle. In kin yanka a karkace, ƙyallen zai miƙe a ƙarƙashin keke. Guda tara, uku-uku, su ne ɗaki ɗaya mai inci 12. Gado mai ƙafa shida da shida yana son ɗaki 7 a tsaye 7 a kwance, wato 49, ƙyalle 441, bargon ya fito inci 84, ya ɗan sauko a gefen katifa.

Yanzu ga abin da ya hana kusurwoyinki haɗuwa. Bakin ɗinki rubu'in inci ne, ba ƙari ba ragi, daga ƙyalle na farko har na ƙarshe. Hannunki ya saba da rabin inci na riga, can kuwa in an ɗan kauce ba mai gani. Nan layi ɗaya yana da ƙyalle 21, ɗinki 20. Idan kowane ɗinki ya cinye ɗaya bisa takwas na inci fiye da ƙa'ida, layin ya rasa inci biyu da rabi, na kusa da shi kuma bai rasa ba. To ta yaya za su haɗu? Auna rubu'in inci daga allura, ki manna tef a kan farantin keke, bakin ƙyalle ya riƙa bin sa. Kowane ɗaki kika gama ki auna: inci 12 da rabi, sai an haɗa shi da sauran zai koma 12. Wanda bai kai ba, a farke shi nan take.

Guga ma aiki ne. Ɗora dutsen guga ki ɗaga, kada ki ja shi. Kwantar da bakin ɗinki wajen ƙyalle mai duhu don kada ya nuna ta cikin mai haske. Layi na farko ya kwanta dama, na biyu hagu, sai su shige juna a mahaɗa, kusurwa ta fito tsaf ba tudu.

Turmin atamfa ɗaya, yadi shida, ya isa shafin baya: raba shi biyu, cire bakin masaƙa, ki haɗa a tsaye. Shafi da auduga su zarce fuska da kamar inci uku ta kowane gefe, saboda ɗinki yana cin su. Audugar ta zama shimfiɗaɗɗiya mai kauri ɗaya. Ta katifa tana dunƙulewa a wanki. Shimfiɗa shafin a ƙasa mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa, sai auduga, sai fuska. Ki riƙe su da dogon ɗinkin wucin gadi, tazarar faɗin tafin hannu, daga tsakiya zuwa baki.

Sai nan za ki kira Inna da gwaggonni. Gajeriyar allura, zare mai ƙarfi da bai wuce inci 18 ba don kada ya sarƙe, da abin kare yatsa. A ja ƙullin ya shige cikin auduga ya ɓuya. Mai koyo ta samu ɗinki shida a inci ya wadatar, daidaiton su ya fi ƙanƙanta muhimmanci. Kowa ta fara daga tsakiya ta nufo kanta. In aka fara daga baki, rarar ƙyalle za ta taru a tsakiya ta yi kumburi. Hannu ba ya zama ɗaya, na tsohuwa zai fi naki faɗi ko matsi, kuma ni ban yarda a farke shi ba muddin ya ratsa hawa ukun. Yayarki za ta so ta gane inda Kaka ta ɗinka.

Daga ƙarshe ki datse gefuna, ki yanka dogayen ƙyalle masu faɗin inci biyu da rabi, jimillar tsayi kamar inci 350, ki ninka biyu. Ɗinka ta gaba da keke, ki juya ki kama ta baya da hannu. Wanki da ruwan sanyi, shanya a inuwa a kwance, don nauyin ruwa yana tsinka ɗinki in an rataye. Gobe ki zo da zannuwan mu tantance, kafin ki taɓa almakashi.