Na shiga rumfar fako don dilan Amurka, na fito da ciwon kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wajen garin Amarillo da ke jihar Teksas. Ina da 'yar gona da nake kiwon awaki da tumaki, nakan sayar wa 'yan'uwa lokacin layya. Tun shigowar sanyi kayoti, wato dilan nan na Amurka, ya addabe ni da ɗaukar 'yan awaki. Na yanki lasin farauta, na sayi rumfar fako ta yadi irin mai naɗewa, da na'urar da ke kukan zomo. Nakan hango shi daga nesa yana tahowa, sai ya tsaya, ya kewaya, ya ɓace. Wani abokina ya ce warin jikina ne ke fita ta tagogi, in toshe ko'ina in fesa maganin kashe wari. Na yi hakan ranar Asabar da asuba, na kuma kunna 'yar hitar gas saboda sanyi. Ban ga komai ba, na dawo gida da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Yanzu ya ce in gwada gawayi a kasko, wai hayaƙinsa na ɓatar da warin mutum. Shin asarar kuɗi na yi, ko akwai rumfar da ta fi wannan riƙe wari?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Za mu zo kan dila, amma bari in fara da kanka, don abin da ya same ka ranar Asabar ya fi asarar awakin tayar min da hankali.

Ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan ka zauna da wuta a wurin da ka toshe, su ne alamun farko na shaƙar iskar kabon monoksaid. Iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini, takan manne wa abin da ke ɗaukar iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai jiki ya fara shaƙewa alhali mutum yana ganin numfashi yake yi lafiya lau. Bayan ciwon kai sai kasala, sai ruɗewa, sai wani barci mai daɗi. Mafarauci da ya tashi tun ƙarfe 4 na asuba zai ɗauka gajiya ce, ya jingina kai ya ce bari in ɗan runtsa. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce mutum fiye da 400 ke mutuwa duk shekara a Amurka ta wannan hanya, ban da waɗanda gobara ke ci. Kai da ke Teksas ba sai an ba ka labarin sanyin Fabrairun 2021 ba, lokacin da wuta ta ɗauke, mutane suka shigo da gawayi da janareta cikin gidaje, aka yi ta kwasarsu zuwa asibiti. Idan har yanzu kanka na sarawa, ko kana yawan mantuwa, ko ƙirjinka na ciwo, ka je asibiti yau, ka faɗa wa likita ainihin abin da ya faru.

Maganar kasko kuwa, ka gaya wa abokinka da babbar murya cewa a'a. Ka ɗauko buhun gawayin da ake sayarwa a kanti ka duba gefensa: doka ta tilasta a rubuta gargaɗin cewa ƙona shi a cikin gida ko mota ko tanti na iya kashe mutum. Gawayi ya fi hita haɗari nesa ba kusa ba, domin ko ya daina hayaƙi ya yi jajir yana nan yana fitar da gubar. Ga kuma yadin rumfar, wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da shi a kanka. Wasu za su ce ai hitar zamani tana kashe kanta idan iska ta yi ƙaranci. Haka ne, amma abin da na'urar tsaron hitar ke aunawa ƙarancin oksijin ne, ba yawan guba ba, kuma takardar da ke cikin kwalinta ta ce a bar kafar shigar iska. Wa ke karantawa?

Abin da ke ci min rai shi ne, duk wannan ganganci a kan ƙarya aka gina shi. Babu rumfar da ke riƙe wari. Babu ita, ko ta dala 50 ko ta dala 500. Kusan kullum sai na ji wannan zance daga sababbin mafarauta, kuma daga wuri ɗaya suke kwaso shi: masu tallar kaya da masu bidiyo a YouTube da aka ba su kayan kyauta. Mutum ya sayi rumfa ya ɗauka layar zana ya ɗaura. Rumfa aikinta ɗaya ne, ta ɓoye motsinka daga ido: juya kai, sosa hanci, ɗaga bindiga. Hanci kuwa ba ruwansa da yadi. Kana numfashi, jikinka na fitar da zafi, iska mai ɗumi tana tashi ta bi ɗinki da zik da ƙasan yadin ta fita. Idan ka kunna hita ma ƙara tura ta waje kake yi, haɗe da warin gas. Sannan ita kanta rumfar tana ɗauke da warin roba, da na bayan motarka, da na garejin da ka ajiye ta. Dabbar da ke bin sawun zomo a busasshiyar ƙasa da hanci, ita ce za a ruɗa da ruwan kwalba? Fesa abinka in kuɗi sun yi maka yawa, amma kada ka dogara da shi. Garin neman gira ka kusa rasa ido, kuma girar ma ba ta nan.

Ka sake karanta tambayarka, amsar na ciki. Ka ce yakan taho, ya tsaya, ya kewaya. Haka kayoti yake yi. Idan ya ji kukan zomo ba ya afkawa kai tsaye sai ƙalilan, galibi matasa masu yunwa. Babba yakan yi kwana ya koma ɓangaren da iska ke kai masa warin wurin, ya tabbatar da hanci abin da kunne ya gaya masa. Idan kana zaune a kan wannan layin, an gama. Ba banza Bahaushe ya kira dila malamin daji ba, na nan ma ɗan gidan ne. Kuma duk ranar da ya haɗa kukan na'urarka da warin ɗan Adam, ka koya masa karatu, gobe daga bayan tudu zai saurare ka. Saboda haka ka ajiye wannan kukan na ɗan lokaci, ka sauya wani, ka sauya mazauni.

To yaya ake yi? Kafin ka sauke kaya, ka barbaɗa toka ko garin hoda ka ga inda iska ta nufa. Ka zauna yadda za ta riƙa dukan ka a kumatu ɗaya, ta gicciye. Ka ajiye na'urar kamar mita 40 zuwa 60 daga gare ka, wajen da iskar ke fitowa, yadda idan ya kewayo don ya shinshina na'urar zai ratsa fili a gabanka tun bai kai layin warinka ba. Idonka ya fi zama a ɓangaren da iska ta nufa, ba a kan na'urar ba, kuma ka tabbatar wannan ɓangaren buɗaɗɗe ne, kana iya hango nesa. Ka ɓoye mota a bayan tudu, kada ka buga ƙofa, kada kuma ka taka ta inda kake sa ran zai biyo. Idan iska ta juya kana zaune, tashi kawai. A yankinku na Amarillo iska ba ta wasa. Ranar da take kaɗawa da ƙarfi kukan ba ya zuwa nesa, ka yi zamanka a gida.

Rumfar da ka saya ba asara ba ce, amma ka san inda take da amfani. Yawancin gwanayen kiran kayoti ba sa yawo da irinta. Sukan jingina baya da kurmi ko dutse don kada surarsu ta fito, su ɗora bindiga a kan sanduna, su yi kira na minti 15 zuwa 30, in shiru su tashi su yi gaba. Mai irin wannan yawo ɗan shingen yadi mai tsayin gwiwa ko ƙugu ya ishe shi. Kai kuwa naka daban ne, ɓarawon ne ke zuwa gidanka, kuma a nan babbar rumfa take da rana. Sai dai kada ka kafa ta da asubar da za ka zauna. Kayoti ya san filinsa sarai, baƙin dunƙule mai kusurwa huɗu da ya tsiro cikin dare a tsakiyar fili ya isa ya kore shi. Ka kafa ta mako ɗaya ko biyu kafin nan, a jikin abin da ya saba gani: dammunan ciyawa, tsohuwar tarakta, kusurwar shinge, gindin itacen meskit. Ka lulluɓe gefuna da rufin da rassan wurin. Ka buga turaku ka ɗaure igiyoyinta tamau, don yadi mai faɗal-faɗal a iska ya fi mutum a tsaye tona asiri. Inda hali, kafa wuri biyu, ɗaya don iskar kudu, ɗaya don ta arewa.

A ciki ka sa baƙaƙen kaya, har fuska da hannu, ka ja kujera baya cikin duhu. Tagar da ke bayanka daidai kai ta zauna a rufe, don kada haske ya ratsa ya zana inuwarka. Ta gaba da ta ɓangaren da iska ta nufa su kasance a buɗe tun kafin ka fara kira, saboda ƙarar ɓare maɗaurin taga a cikin shirun asuba tana zuwa nesa. Kafar sama ma a buɗe. Sanyi kuwa a yaƙe shi da tufafi: riguna bisa riguna, safa mai kauri, bargo a cinya, 'yan ƙunshin ɗumama hannu, shayi a filas. In dole sai hita, to wadda aka yi don cikin ɗaki, tagogi biyu a buɗe, da na'urar ƙararrawar kabon monoksaid mai batir a gefenka. Ka kuma gaya wa iyali inda kake da lokacin dawowarka.

Abu biyu game da bindiga a cikin rumfa. Madubin hange yana sama da bakin bindiga da kamar santimita 4, don haka kana iya ganin fili tas a madubi alhali bakin yana kallon yadi ko sandar rumfa. Ka fitar da bakin ta taga ka duba da idonka kafin yatsa ya je kusa da kunama. Na biyu, taga tana taƙaita gani. Harsashin bindigar farauta mai lamba .223 na iya wuce kilomita 3 a shimfiɗaɗɗen fili irin naku, saboda haka tun da rana ka san inda gidan maƙwabci da hanya da shanu suke, kada ka taɓa harbin dabbar da ke tsaye a kan tudu sama ce kawai a bayanta. Ka kuma tabbatar da abin da kake gani. A Disambar 2014 wani mafarauci a jihar Utah ya harbe kyarkeciya mai kariyar doka yana zaton kayoti ce. Kai abin da ya fi kusa da kai karen maƙwabci ne, kuma rigimarsa ba ƙarama ba ce. Yadda rumfa ta ɓoye ka daga dila haka ta ɓoye ka daga wani mai bindiga. Idan akwai masu farauta a gonakin kusa, su san inda ka kafa ta.

Ka kyauta da ka yanki lasin. Ka riƙa sabunta shi, musamman idan da biza kake zaune ba da takardar zama ta dindindin ba, domin a dokar tarayya lasin farauta mai aiki yana cikin 'yan dalilan da ke halatta wa mai irin wannan biza riƙe bindiga. A Teksas duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. In za ka fita da dare a gonarka, ka kira jami'in kula da namun daji na gundumarku ka sanar da shi tukuna.

Kada kuma ka ɗora kiwonka gaba ɗaya a kan bindiga. Ka kashe ɗaya, wani zai gaje filin, kuma daga watan Afrilu zuwa Mayu, idan kayoti suka haihu, iyayen ne suka fi ɓarna don ciyar da 'ya'ya. Ka riƙa shigar da masu ciki da ƙanana garke kafin magariba, ka binne mushe da mahaifa da wuri, ka sa waya mai lantarki a ƙasan shinge inda suke haƙa. Makiyayan Teksas da yawa sun dogara da karnukan gadi irin su Great Pyrenees da Anatolian, wasu kuma jaki suke sakawa cikin garke, don jaki ba ya shiri da dangin kare. Ka leƙa ofishin malaman gona na AgriLife da ke gundumarku, su ne za su haɗa ka da ma'aikatan Wildlife Services, masu magance ɓarnar namun daji, idan ɓarnar ta ci gaba.