Zafi ne ke kawo sanƙarau ko ƙwayar cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An kwantar da ɗana mai shekara 6 a asibiti, an ce sanƙarau ne, wai bakteriya ce ta shiga masa ƙwaƙwalwa. Mu kuwa mun taso muna jin zafi ne ke kawo shi. Ta ina ta shiga, kuma me ya sa 'yan'uwansa da suke ɗaki ɗaya ba su kamu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Zafi kaɗai ba ya kawo sanƙarau, amma yanayi na buɗe wa ƙwayar ƙofa.

Bakteriyar da ta fi haddasa annobarsa a yankinmu sunanta Neisseria meningitidis. Kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ita a bayan hanci da maƙogwaro, lafiyarsa ƙalau, yana kuma watsa ta ta tari da atishawa. Daga hunturu zuwa bazara, busasshiyar iska da ƙura na tsattsage laushin fatar cikin hanci. Sai ƙwayar ta maƙale da wasu siraran gashi da ke jikinta, ta kutsa cikin jini. Alamomi kan bayyana bayan kwana 2 zuwa 10, galibi 3 ko 4.

A cikin jini, aikin fararen ƙwayoyin jini ne su cinye ta. Sai dai tana sanye da wani ɓawo mai santsi da ke hana su cafke ta, sai in jiki ya riga ya san wannan ɓawon, ta rigakafi ko ta haɗuwa da ita a baya. Wataƙila abin da ya raba ɗanki da 'yan'uwansa ke nan.

Ɓarnar kuwa ta fuska biyu take zuwa. Ƙwayar na zubar da guba daga bangon jikinta, wadda ke sa ƙananan jijiyoyin jini su riƙa yoyo. Ƙarfin gudun jini ya faɗi, hannu da ƙafa su yi sanyi, ɗige-ɗigen jini su fito a fata waɗanda ko an danna ba sa gushewa. In kuma ta haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, garkuwar jiki kan afka mata da faɗa, wurin ya kumbura, mugunya ta taru. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka matsin ya koma kan ƙwaƙwalwa: ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, jijjiga. A jariri, maɗiga ce ke tasowa.

Wannan ba ciwon zuwa kemis ba ne, domin yana iya kisa cikin awa 24. Allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, ake yi ta jijiya, kuma kada ki tsorata in an ce za a ɗebi ruwan baya, da shi ake gane irin ƙwayar. Ba tare da magani ba, kusan rabin masu cutar na iya rasuwa. A annobar 1996 mutane sama da 11,000 suka mutu a Najeriya.

Ki kai 'yan'uwansa asibiti yau, domin akan ba wa 'yan gida maganin kariya, ki kuma tambayi allurar rigakafin sanƙarau ta Men5CV da Najeriya ta fara yi a 2024. Bayan an sallame shi, a gwada jinsa da wuri, saboda kurumta na cikin abin da ciwon ya fi bari.