Hukuncin gwajin jinin da ake yi da sinadarin ƙwan kaza

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Likita ya tura mahaifinmu gwajin jini don a duba ko ciwon zuciya na tafe gare shi. Ƙanena da ke aikin asibiti ya ce sinadarin da ake zuba wa jinin daga jikin tsuntsu ake samo shi. Baba ya ce ba zai je ba sai ya ji ta bakin malamai.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa Baba bisa wannan tsantseni. Gwajin halal ne, kuma ina roƙonsa ya je.

Bari mu fara sanin abin kafin mu yi masa hukunci. Ana yi wa kaza allura da furotin ɗin da ake son ganowa a jinin mutum, misali CRP mai nuna kumburi. Jikinta sai ya haɗa garkuwar da ke gane shi, garkuwar ta taru a gwaiduwar ƙwanta. Ita ake cirowa ta zama sinadarin gwajin. Tun 1893 likitan Jamus Felix Klemperer ya nuna kaza na sauke garkuwarta cikin ƙwai, a 1969 aka raɗa mata suna IgY. Masu gwaji na son ta saboda wasu abubuwa a jinin mutum, kamar na masu amosanin gaɓɓai, kan manne wa garkuwar zomo ko ɓera da ake irin wannan gwaji da ita su ɓata sakamako, amma ba sa kama ta kaza.

To, kaza dai halal ce. Abu Musa al-Ash'ari ya ga Annabi (SAW) yana cin namanta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ƙwai kuwa, Shehu Khalil ya lissafa shi cikin abubuwa masu tsarki a Mukhtasar, in banda baragurbi da wanda ya fito bayan mutuwar tsuntsuwar. Nan kuma ƙwan kaza mai rai ne, lafiyayye.

Abin da ya fi kwantar da hankali ma: sinadarin ba ya shiga jikin Baba. Ba sha zai yi ba, ba allura za a yi masa da shi ba. Jini kaɗan za a ɗiba a kwalba, can a cikin na'ura su haɗu, a karanta, a zubar. Maganar haramcin magani da najasa ba ta taso ba.

Ni har na fi son wannan hanya. Zomo sai an tsaga jijiya an ɗebi jininsa, kaza kuwa ƙwanta kawai ake ɗauka, alhali Allah ya wajabta kyautatawa ga kowane abu, kamar yadda ya zo a hadisin Shaddad ɗan Aus. Nauyin kula da kajin yana wuyan masu kiwon su.

Ku kuma gaya wa Baba gwajin ba duba ba ne, ba ya faɗin ajali. Alama ce likita ke karantawa, kamar manomi da hadari. Annabi (SAW) ya ce: "Ku nemi magani, ya bayin Allah." Idan ranar ta faɗo cikin azumi, ɗibar wannan ɗan jini ba ta karya shi.

Wallahu a'alam.