Shago ɗaya, masu shi uku, babu maigida: ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne teloli a unguwar Zango, nan Damagaram. Mun haɗa kekunanmu da kuɗinmu mun kama shago, muna da yara masu koyo da masu aikin lada. Mun yarda ba za mu naɗa maigida ba, komai sai mun zauna mu uku. Wani ya ce mana haramun ne, tunda Annabi (SAW) ya ce mutum uku in za su yi tafiya su shugabantar da ɗaya. Ga shi kuma kafin ƙaramar Salla ɗayanmu ya ɗauko yadi bashi a Kasuwar Dole da sunan shago, bai faɗa mana ba. Tsarin namu ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'arku. Tarayyar masu sana'a ɗaya a wuri ɗaya halal ce a mazhabarmu, haka take a Risala. Falalar shawara kuwa ka san ta.

Wanda ya ce muku haramun ne ya kawo hadisin gaskiya, Abu Dawuda ya ruwaito shi, kuma akwai manyan malamai da suka ce hukuncinsa ya wuce tafiya ya shafi kowane taro. Amma me ake nema da shugaban tafiya? A samu mai yanke magana in an saɓa a kan sauka ko tashi, don kada ayari ya watse a daji. Hadisin bai ce dole kuɗi da sayayya da tarbiyyar yara su taru a hannun mutum guda ba. Malaman fiƙihu sun rubuta babin tarayya, sun jero sharuɗɗansa, ba su sa naɗa shugaba a ciki ba. Har ma sun halatta nau'in da ake kira inan, inda abokan tarayya ke sharɗanta cewa ba wanda zai zartar da komai sai da izinin sauran. Naku ke nan. Annabi (SAW) da kansa ya tura Mu'azu ɗan Jabal da Abu Musal Ash'ari Yaman, kowa da yankinsa, ya umarce su da su sauƙaƙa, su bi juna, kada su saɓa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Wasu masu haramtawa kan ƙara da hadisin da ya hana a yi wa halifa biyu mubaya'a, ko aya ta 22 a Suratul Anbiya'i. Hadisin kan shugabancin al'umma yake, inda saɓani ke zubar da jini, ayar kuma kan kaɗaita Allah take. Jawo su cikin shagon ɗinki ganganci ne da nassi, kuma haramta abin da Allah bai haramta ba abu ne mai nauyi.

Maganar yadin nan da ka ajiye a ƙarshe, ita ce ainihin tambayarka. In da gaske kun furta sharaɗin nan, kuma kun tsaya a kansa, abokinku ya ƙetare iyaka. Ku biyun kuna da zaɓi: ku amince, bashin ya zama na shago, ko ku ƙi, ya zama nasa shi kaɗai tare da yadin. Amma in an riga an yanka yadin, an ɗinka, kuɗin Salla ya shiga asusunku kuna kallo, to kun amince a aikace. Haka in kun saba kowa na zuwa kasuwa ya ɗauko kaya kuna biya, har mai yadin ya san ku da haka. Ba a cin riba a bar wa wani bashi. Ɓangarenka kawai na ji, don haka in kun kasa daidaitawa ku je gaban malami ko alƙali ku uku.

Ina jin ɗacin rai a wasiƙarka. Kada ka ɗauki wannan amsa ka je ka dake shi da ita. Mai yiwuwa ya ga Salla ta matso, masu kaya sun ba da kafin alƙalami, ku kuma ba ku zauna ba. "Komai sai mun zauna" magana ce mai daɗin faɗi, amma ba ta ɗinka riga a daren Salla. Ku raba aikin: ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi, ɗaya yanka da yara, ɗaya sayayya, kowa shugaba ne a ɓangarensa. Ku sa iyaka, a ce abin da ya haura jika 50, da kowane bashi, da ɗaukar yaro ko sallamarsa, sai da ku duka. Ku rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Riba kuma gwargwadon aikin kowa da abin da ya zuba, kada mai riƙe littafi ya sharɗanta wa kansa ƙari.

Yaran nan su na fi tausaya wa. Wannan ya ce ɗinka, wancan ya ce warware, ranar biya kowa ya tura shi wajen wani. Kowane yaro ya san wanda yake ba shi umarni da wanda ladansa ke hannunsa. Kuma tunda ku uku ne, Annabi (SAW) ya hana biyu su yi raɗa su bar na uku. Kada kai da ɗayan ku gama magana a waje, sannan ku kira shi ku ce shawara ce. Allah ne mafi sani.